Gayya ko Albashi: Wa Ke Riƙe da Manhajar da Duniya Ke Mora Kyauta?

A ƙarshen watan Maris na 2024, wani injiniya Bajamushe mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft da ke aiki a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, yana cikin gwajin sauri a kwamfutarsa sai ya lura da abin da yawancin mutane ba za su ko waiwaya ba. Manhajar SSH, wadda masu kula da manyan kwamfutoci ke shiga na'urorinsu da ita daga nesa, ta ƙara kusan rabin daƙiƙa kafin ta amsa, kuma tana cin ƙarfin na'ura fiye da ƙima. Bai bar maganar ta wuce ba. Ya yi ta bin sawu har ya isa ga wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna xz, wadda aikinta kawai ta matse fayil ya rage girma. A cikin fitowarta ta 5.6.0 da ta 5.6.1 ya tarar an dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba wanda ya dasa ta damar shiga kwamfutar mutane ba tare da izini ba. Ranar 29 ga Maris ya sanar da duniya. A lokacin gurɓatacciyar manhajar ta riga ta shiga nau'ikan gwaji na tsarin sarrafa kwamfuta na Debian da Fedora, kuma da an ƙara 'yan watanni da ta bazu cikin na'urorin bankuna da gwamnatoci da kamfanonin sadarwa.

Yadda aka dasa ƙofar ya fi ƙofar kanta tayar da hankali. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke riƙe da xz, Lasse Collin, ɗan ƙasar Finlan. A 2021 wani mai amfani da sunan aro Jia Tan ya fara turo masa gyare-gyare, kuma gyare-gyare masu kyau. A 2022 wasu sunaye da ba wanda ya san su suka taso Collin a gaba da ƙorafi: aiki ya tsaya, ba ka amsa saƙo, in ba za ka iya ba ka ba wani. Ya amsa musu cewa wannan aikin sha'awa ne da ba a biyansa ko sisi a kai, kuma yana fama da rashin lafiya. Sannu a hankali ya miƙa wa Jia Tan amana, har shi ya koma mai fitar da sabon nau'i. Sai da amanar ta cika sannan aka ci ta.

Tun ranar, ɓangarori biyu da suka daɗe suna jayayya kowa ya ɗauki labarin ya ce hujjarsa ce. Masu kare aikin haɗin gwiwa suka ce: kun gani, don rubutun manhajar a buɗe yake shi ya sa wani da ba ma'aikacin xz ba ya iya tona asirin, da ta kamfani ce a kulle, da har yau ƙofar tana nan. Masu cewa a biya masu kula suka ce: kun gani, an bar mutum ɗaya a gajiye yana ɗauke da kayan duniya a ka, kyauta, har ɓarawo ya zo masa a siffar mai taimako. Dukansu suna da gaskiya a abin da suka faɗa. Shi kansa Freund ma na kowa ne a cikinsu, domin buɗaɗɗen rubutu ne ya ba shi ikon dubawa, albashin Microsoft kuma ya ba shi sararin da zai zauna ya bi rabin daƙiƙa har gidanta.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda lasisinta ya yarje wa kowa ya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya yi amfani da ita, ya sauya ta, ya raba wa wasu. Richard Stallman ya kafa tubalin wannan tafiya da shirin GNU a 1983, lasisin GPL ya biyo baya a 1989, Linus Torvalds kuma ya fito da Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Yau duk wayar Android da ke hannun ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko direba a Maraɗi a kan Linux take tafiya. Saboda haka wannan gardama, duk da cewa a Turai da Amurka aka fi yin ta, abin da ake ja a kai yana aljihunmu.

Bari mu fara da masu gayya, wato masu kare aikin haɗin gwiwa, domin hujjarsu ta fi yadda abokan gardamarsu ke nuna ta ƙarfi. Abu na farko da suke cewa shi ne a dubi abin da aka riga aka gina. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, ba kamfanin da ya mallake ta, mambobinta ke zaɓen shugabansu duk shekara, ga shi ta haura shekara 30 tana tsaye, har Ubuntu da wasu da dama a kanta suka ginu. A cikin wannan tsawon lokaci kamfanoni nawa masu ofis da albashi suka taso suka mutu da manhajarsu? Wanda ya zo aiki don yana so, in ji su, yana yin sa ne yadda ya kamata a yi, ba yadda zai gamsar da manaja kafin ƙarshen wata ba. Yana iya cewa wannan gyaran bai nuna ba, ba zan karɓa ba, kuma ba mai tsorata shi da kora.

Abu na biyu, wanda ni a ganina shi ne mafi nauyi, kuɗi yana sauya zama tsakanin mutane. Debian ta ɗanɗana wannan a 2006. An kafa wani shiri mai suna Dunc-Tank don a biya mutum biyu da ke jagorantar fitar da sabon nau'in Debian, wanda ake kira Etch, dala 6,000 kowannensu, su ba da wata ɗaya cur ga aikin, da nufin a fito ranar 4 ga Disamba. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma gida ya rikice. Wasu tsofaffin mambobi suka fito fili suka ce sun rage hannu a aiki: in akwai waɗanda ake biya, to su yi. Har ƙuri'ar neman tsige shugaban Debian na lokacin, Anthony Towns, aka kaɗa, ko da yake ba ta yi nasara ba. Etch bai fito ba sai watan Afrilu na 2007. Ba za a ɗora wa kuɗin laifin jinkirin duka ba, akwai kurakuran da sai an gyara ko da biya ko babu. Amma abin da ya bayyana shi ne mutanen da suka yi shekaru kafaɗa da kafaɗa sun wayi gari sun kasu gida biyu, masu lada da marasa lada, kuma marasa ladan sun ji ciwon abin.

Akwai kuma masu kula da manhaja da su da kansu ba sa son a biya su, kuma ba girman kai ba ne. Sun san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ka karɓi kuɗin kamfani, saƙonsa ya tashi daga roƙo ya koma umarni, abin da kake yi da dare don nishaɗi ya koma aiki na biyu mai wa'adi. Wani yana da aikin da ke ciyar da shi, abin da yake buƙata shi ne abokin aiki da zai raba masa nauyi da masu amfani da za su yi masa magana da ladabi. In ka aika wa irin wannan mutum dala 500 a wata ba ka ƙara masa sa'a ko ɗaya a yini ba.

To amma nan ne nake ganin hujjar gayya ta fara gajiya. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san gayya tana haƙa rijiya cikin 'yan kwanaki, da kiɗa da raha da ƙwaryar fura. Abin da gayya ba ta cika yi ba shi ne yasar rijiyar duk shekara, da gyaran bakinta in ya zube, da sauya igiya. Wannan aikin ba ya tara jama'a, ba a yabon wanda ya yi shi, sai ranar da aka rasa ruwa ake tambayar wa ke da alhaki. Manhaja haka take. Ƙirƙirar sabon abu yana da daɗi, yana jawo suna, matasa suna rububinsa. Kula da tsohon abu kuwa shi ne karanta rahoton kuskure na ɗari a mako, da bitar gyaran da baƙo ya turo layi-layi, da gwada manhaja a na'urar da aka daina sayarwa tun tuni don wani asibiti yana amfani da ita, da tashi cikin dare saboda an gano ɓaraka. Yawancin rayuwar manhaja a wannan ɓangaren take ƙarewa, kuma nan ne 'yan sa-kai suka fi ƙaranci.

Masu gayya sun daɗe suna dogara da wata fahimta da Eric Raymond ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1990, cewa in idanu suka yi yawa a kan rubutu kuskure ba ya ɓuya. Shekarar 2014 ta gwada wannan zance. Ranar 7 ga Afrilu aka bayyana ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle bayanai tsakanin mai lilo da shafin intanet. An ƙiyasta ta shafi kusan sabobi rabin miliyan. A Kanada an sace lambobin shaida na mutum 900 daga hukumar haraji ta wannan kafa. Kuskuren ya shiga rubutun ne a ƙarshen 2011, ya zauna sama da shekara 2 a fili, kowa na iya gani, ba wanda ya gani. Da aka waiwayi masu aikin sai aka tarar mutum ɗaya ne kacal ke yin sa cikakken lokaci, gudummawar kyauta da ke shigo musu kuma ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, sauran sai abin da suka samu ta kwangila. Izinin dubawa yana hannun kowa, amma dubawar kanta aiki ce mai cin lokaci da ƙwarewa, kuma kowa ya ɗauka wani ya riga ya yi.

Bayan shekara 7 aka maimaita da Log4j, a Disamba na 2021. Wannan manhaja ce ta 'yan sa-kai a ƙarƙashin gidauniyar Apache, aikinta rubuta abin da ke faruwa a cikin wata manhajar, kuma tana cikin dubban kayayyakin da manyan kamfanoni ke sayarwa. Ɓarakar ta yi sauƙin da har ta akwatin hira na wasan Minecraft an nuna ana iya amfani da ita. 'Yan mutanen da ke kula da ita suka kwana suna faci ba biya, mutane kuma na zaginsu. Kwamitin binciken tsaron intanet na gwamnatin Amurka ya ce a rahotonsa na 2022 za a ci gaba da cin karo da wannan ɓaraka har shekara 10 ko fiye.

Wani abu da ya faru a gefen wannan rikici ya nuna halin da ake ciki ƙarara. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin, shi ke jagorantar curl tun 1998, manhajar ɗauko bayanai da ke cikin wayoyi da motoci da talabijin da ba sa ƙirguwa. A Janairu na 2022 ya samu imel daga wani ƙaton kamfani na Amurka, da jerin tambayoyi kan ko Log4j ta shafi kayansa, da umarnin ya amsa cikin sa'a 24. Curl ba ta amfani da Log4j ko kaɗan. Kamfanin bai taɓa sayen komai a wurinsa ba, ba yarjejeniya, ba gaisuwa. Stenberg ya amsa musu cewa a shirye yake ya ba da duk bayanin da suke so da zarar sun sa hannu a kwangilar tallafi. Ban ga laifinsa ba ko na ƙwayar zarra. Kamfanin da ke ɗaukar mai ba da kyauta kamar ɗan kwangilarsa, ya ɗora masa wa'adi amma bai taɓa tunanin lada ba, shi ne ya karya ƙa'idar haɗin gwiwa tun kafin a zo maganar kuɗi. Shi Stenberg tun 2019 yake aikin curl cikakken lokaci ta hanyar kamfanin wolfSSL, wanda ke sayar da tallafi ga masu buƙata, curl kuma tana nan a buɗe kamar yadda take.

Masu cewa a biya suna da wata hujja da ke ba mutane mamaki: babban abin alfaharin masu gayya, wato Linux, ya daɗe da zama aikin albashi. Rahoton gidauniyar Linux na 2015 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na aikin masu albashi ne ke yin sa, ma'aikatan Intel da Red Hat da Samsung da Google da sauransu. Torvalds kansa gidauniyar ke biyansa. Kamfanonin da ke gogayya a kasuwa suna zuba ma'aikata a rubutu guda, domin kowa ya gane ya fi masa araha a gina tare. A nan haɗin gwiwa da albashi ba su yi karo ba.

Sai dai ko a gidan Linux ɗin, in aka duba da kyau, kuɗin ba ya sauka daidai inda ake buƙata. Kamfani yana biyan injiniya ya rubuta abin da zai sa sabuwar na'urarsa ta yi aiki, amma ba kasafai yake biyansa ya zauna ya bita aikin wasu ba. A 2023 aka sanar da rage wa'adin kula da nau'ikan Linux masu dogon zango daga shekara 6 zuwa 2, kuma cikin dalilan da aka bayar har da gajiyar masu kula. In haka ta faru a manhajar da ta fi kowace gata, ina ga 'yar ƙaramar da ba kamfanin da ya san sunanta sai ranar da ta fashe?

Daga nan sai mu zo ga buɗaɗɗiyar manhaja ta kamfani, inda kamfani ɗaya ke biyan kusan duk masu aikin, shi ke da sunan, shi ke yanke shawara. Wannan tsari ya magance matsalar albashi sarai. Akwai ma'aikata, akwai mai ɗaukar waya in an samu matsala, ana fitar da faci a kan lokaci. Red Hat ta gina kasuwa a kan haka har IBM ta saye ta dala biliyan 34 a 2019. Amma shekarun baya-bayan nan sun nuna farashin. A Disamba na 2020 Red Hat ta yanke wa'adin kula da tsarinta na CentOS 8 daga 2029 zuwa ƙarshen 2021, ta bar jami'o'i da ƙananan kamfanonin da suka dogara da ita suna neman mafita. Elastic ta sauya lasisi a 2021, HashiCorp a Agusta na 2023, Redis a Maris na 2024, duk zuwa lasisin da ya taƙaita 'yancin da aka saba da shi.

Ya kamata a saurari kamfanonin nan, domin kukansu ba na ƙarya ba ne. Suna cewa mu ke biyan injiniyoyi, sai wani ƙato irin Amazon ya ɗauki manhajar kyauta ya sa a sabobinsa yana ba da haya, ribar tasa, wahalar tamu. Wannan ma cin gumin wani ne, iri ɗaya da wanda ake yi wa ɗan sa-kai, sai dai wanda aka ci guminsa yana da lauyoyi. Amma akwai mutum na uku a zancen da ba a cika tunawa da shi ba: wanda ya turo gyara kyauta shekara da shekaru, ya rubuta bayani, ya koyar da wasu, bisa alkawarin cewa abin na kowa ne. Sau da yawa an sa shi ya sa hannu a wata takarda da ta ba kamfanin ikon sauya lasisi, bai ɗauke ta da muhimmanci ba sai ranar da aka yi amfani da ita. Shi an kira shi gayya ne a gonar da ashe tana da mai ita.

Abin da ya ceci jama'a a duk waɗannan lokuta shi ne tsohon lasisin, wanda ba ya janyuwa daga abin da aka riga aka saki. Mutane suka ɗauki nau'in ƙarshe mai 'yanci suka ɓalle da shi. Haka LibreOffice ta fito daga OpenOffice a 2010 bayan Oracle ta sayi Sun. Haka Rocky Linux da AlmaLinux suka maye gurbin CentOS, OpenTofu ta fito daga Terraform na HashiCorp, Valkey kuma daga Redis cikin 'yan kwanaki. Elastic a 2024 da Redis a 2025 sun dawo sun ƙara lasisi buɗaɗɗe. Masu gayya suna kirga wannan a nasararsu, kuma da gaskiyarsu. Amma a lura da su waye suka ɗauki Valkey: injiniyoyin Amazon da Google da Oracle da makamantansu, masu albashi, a ƙarƙashin inuwar gidauniyar Linux. 'Yancin ɓallewa na kowa ne a takarda, amma riƙe abin da aka ɓalle da shi sai mai ma'aikata.

Saboda haka matsayina shi ne: kula da manhajar da jama'a suka dogara da ita aiki ne, kuma a biya shi. Wanda ke cin riba da ita shi ya fi cancanta ya biya. Abin da ya kamata a tsare da ƙarfi shi ne kada mai biya ya zama mai mulki. Wannan ba mafarki ba ne, akwai inda ake yin sa. PostgreSQL ba ta da kamfanin da ya mallake ta, ko da yake yawancin manyan masu aikinta ma'aikatan kamfanoni ne daban-daban. A 2020, da kamfanin EDB ya sayi 2ndQuadrant, sai ya zama mafi yawan 'yan majalisar jagorancin manhajar ma'aikatansa ne. Ba a jira rikici ba, aka ƙara mutum biyu daga wasu kamfanoni don kada murya ɗaya ta rinjaya. Python, harshen rubuta manhaja, ta ɗauki Łukasz Langa a 2021 da kuɗin da Google ta bayar, amma gidauniyar Python ce ta ɗauke shi, kuma babban aikin da aka ba shi shi ne rage tarin gyare-gyaren da ke jiran bita, wato ainihin aikin da 'yan sa-kai ke gudu.

Debian kanta, wadda Dunc-Tank ta ƙona, ta sami hanya daga baya. Tun 2014 ake tsawaita tallafin tsaro na tsofaffin nau'ikanta zuwa shekara 5. Kamfanonin da ke buƙatar hakan suna zuba kuɗi ta hannun Freexian, kamfanin Raphaël Hertzog a Faransa, shi kuma ya biya mambobin Debian gwargwadon sa'o'in da suka yi, suna fitar da rahoton aikinsu a fili duk wata. Wannan bai tayar da ƙura irin ta 2006 ba, kuma ina ganin dalilin a bayyane yake. A 2006 an zaɓi mutum biyu an biya su kan aikin da kowa ke yi tare kuma yake alfahari da shi. A 2014 an biya kuɗi kan aikin da ba mai sha'awar yi, ƙofa a buɗe ga duk mamban da ke so, kuma mai ba da kuɗin bai sami ƙuri'a ko ɗaya a harkar Debian ba.

Gwamnatoci ma sun fara shigowa. Jamus ta kafa Sovereign Tech Fund a 2022 don tallafa wa irin waɗannan manhajoji na tushe, ta ba GNOME yuro miliyan 1 a 2023. Tunanin shi ne abin da kowa ke bi ta kansa, kamar titi da gada, da kuɗin jama'a ake gyara shi. Ina goyon bayan wannan, duk da na san kuɗin gwamnati yana zuwa da siyasarta kuma yana iya ɗaukewa da sauyin mulki. Tarihin tallafin kamfanoni ma bai fi haka tabbas ba. Bayan Heartbleed manyan kamfanoni sun yi alkawarin dala 100,000 kowannensu a shekara har shekara 3, bayan Log4j Microsoft da Google sun zuba dala miliyan 5 a shirin Alpha-Omega. An gode, amma kuɗin da sai gobara ta tashi yake fitowa ba ya riƙe mutum a kan aiki shekara 20.

Dole kuma a faɗi abin da kuɗi ba zai yi ba. Ba wanda zai rantse cewa albashi kaɗai zai hana irin abin da ya sami xz, domin mai haƙurin da zai yi shekara 2 yana gina amana zai iya yaudarar kamfani ma. Abin da kuɗi ke saya shi ne mutum na biyu da na uku a kan aikin, da ka'idar cewa ba gyaran da zai shiga sai wani ya bita, da hutun da zai sa mai kula ya iya cewa a'a ga baƙon da ke matsa masa.

Akwai wani ɓangare na gardamar da mu a nan ya fi shafa, kuma masu yabon gayya a Turai ba su cika ganinsa ba. Ba da lokaci kyauta sai mai rarar lokaci. Injiniyan da ke Stokholm yana tashi daga aiki da yamma, wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa, cikinsa a ƙoshe. Yarinyar da ta koyi rubuta manhaja a Kano ko saurayi a Damagaram sai sun sayi data da kuɗinsu, sun nemi inda za su yi caji, ga 'yan ƙanne na jiran abin makaranta. In aka ce aikin nan na masu yi don Allah ne kawai, to an rufe musu ƙofa ba tare da an furta ba, kuma manhajar duniya za ta ci gaba da fitowa daga hannun irin mutanen da suka saba rubuta ta, da harsunansu da buƙatunsu. Shirye-shirye irin Google Summer of Code, da aka fara a 2005, da Outreachy, masu biyan sabon shiga na 'yan watanni ya yi aiki a buɗaɗɗiyar manhaja, sun shigar da matasan Afirka da dama da ba don ladan ba da ba su shiga ba. A wurinsu kuɗin ne ya sa haɗin gwiwar ya yiwu.

Mu ma kuma muna cikin masu mora, ba 'yan kallo ba ne. Ma'aikatun lafiya na Najeriya da Nijar suna tattara alƙaluman asibitocinsu a DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ta Norwe ke jagoranta, wadda ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita. Adadin yaran da aka yi wa rigakafi a ƙaramar hukuma, da matan da suka zo awo, da masu zazzaɓin cizon sauro, a can suke sauka duk wata. Ba a biya kuɗin lasisi ba, amma masu rubuta ta ma'aikata ne masu albashi, kuma albashin daga masu ba da agaji irin su Norad da Global Fund da Gavi yake fitowa. Ma'aikatar da ke amfani da ita, da bankin da manhajar wayarsa ta ginu a kan kayan kyauta, da kamfanin sadarwar da sabobinsa ke kan Linux, kowannensu yana iya ware wani abu a kasafinsa na shekara don kula da abin da ya dogara da shi. Ba lallai ne a aika kuɗin ƙetare ba. Ana iya ɗaukar injiniyoyi biyu ko uku 'yan gida, a rubuta a takardar aikinsu cewa wani kaso na makonsu na gyaran ainihin manhajar ne, su tura gyaran ga masu ita da sunansu, ya shiga nau'in da kowa zai sauke.